Muciya a Kan Murfi

Tun ina ƙarama nake tsoron marinar garinmu, kuma har yau ban daina ba. Fili ne a tsakiyar gari, bayan masallacin Juma'a, cike da ramukan rini da kakanninmu suka haƙa suka shafe da laso. Bakin ramin bai da wani faɗi, amma zurfinsa yana shanye namiji a tsaye har da hannunsa a sama. Kowane rami da murfinsa na ciyawa, mai tsini kamar malfa. In aka aike ni kai wa Baba fura, a gefe nake bi ina kallon ƙafafuna, maza suna yi mini dariya wai 'yar marini tana tsoron gadon gidansu.

Baba marini ne, haka mahaifinsa. A zamaninsa daga Bakura da Maradun ake kawo farin saƙi, ran Talata kuma a ɗora wa jakai rinannu a nufi kasuwar Mafara. Marina tana da dokokinta, amma wadda kowane yaro ya fara sani ita ce ta muciya, wato doguwar sandar da ake motsa shuni da ita. In mai rami ya rufe shi ya gitta muciya a kan murfin, ma'anarsa akwai abu a ciki, ba mai buɗewa sai shi. Yaron da ya taɓa, duk babban da ke kusa zai zane shi, in ya kai ƙara gida a ƙara masa. Babu namijin garinmu da ya girma bai sha wannan dukan ba, ko bai ga an yi wa abokinsa ba.

Sannu a hankali sana'ar ta mutu. Atamfa da shadda suka cika kasuwa, tsofaffin marina suka bi juna zuwa makabarta, 'ya'yansu suka koma noman shinkafa a bakin ruwa ko acaba. Ramukan suka bushe. Awaki suna faɗawa, kaji suna faɗawa, ranar da na haifi 'yata ta fari na fara lissafin ranar da za ta iya tafiya ta nufi can. Ni ce na matsa wa Baba har ya sa aka saƙa sababbin murafai aka rufe ramukan duka, nasa da na matattu. Ya yi, amma sai da ya ce mini ramin rini bai taɓa cin ɗan marini ba. Na ce masa ban shirya 'yata ta zama ta farko ba.

Daga baya wani tsoron ya zo wanda ya fi wannan. 'Yan bindiga suka hana mu daji, suka hana mu gonakin nesa, suka hana mu hanya in rana ta yi sanyi. Mutanen ƙauyukan wajen Janbako da Dosara suka riƙa shigowa da tabarmi da tukwane a ka, kowane zaure ya cika. Ƙanwata ta fara naƙuda da magariba, abin ya zo da gardama, babu direban da ya yarda ya kama hanyar Mafara sai gari ya waye. A cikin mota ta cika, ita da abin da ke cikinta. Tun daga ranar, in na ga mace mai ciki tana wucewa sai gabana ya faɗi.

Shi ya sa da 'yan ƙungiyar ci gaban gari suka ce za a gina ƙaramin asibiti, ina cikin matan da suka fi ɗaga murya. Matsalar ita ce fili. Bayan gari ba wanda zai kwantar da majinyaci, cikin gari kuwa ko wurin ɗaure akuya ya yi wuya. Fili ɗaya ya rage, marina. Yayana, wanda nake bi, yana cikin shugabannin ƙungiyar, shi aka ɗora wa nauyin shawo kan Baba.

Ana cikin haka wasu mutane suka zo daga Gusau, masu kula da kayan tarihi. Suka zagaya ramukan, suka ɗauki hoto, suka sa Baba ya riƙe muciya ya yi kamar yana motsawa a busasshen rami. Wata mata a cikinsu ta durƙusa ta shafa lason da hannu, ta ce irin wannan marinar ta yi ƙaranci a ƙasar, in aka cike ta ba mai iya sake yin ta. Na ga da gaske take, har idonta ya kawo ruwa. Amma na lura tun azahar direbansu yake duba agogo, kafin la'asar kuwa ko ƙurarsu babu. Na ce a raina, mu da ke kwana a nan mu ne za mu haihu a nan.

Ranar da Yaya ya kawo maganar, ina zauren, na kawo wa Baba abinci. Bayan doguwar gaisuwa Yaya ya yi ta zagaye, Baba yana sauraro yana kallon farcensa, waɗanda har lokacin shuɗin bai gama barinsu ba.

Baba ya ce, “Kun gama shawara, ko shawara kunka zo nema?”

Yaya ya ce, “Baba, ba mu yin komi sai da yardarka.”

“To, ramun ga ba nawa na ba ni ɗaya. Na iske su, kamar yadda ubana ya iske su. In kun cike su, mi za ku nuna ma ɗiyanku ku ce ga abin da garin ga ya ci ya sha da shi?”

Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. Na ce, “Baba, sai ɗiyan sun rayu za a nuna musu. Wadda munka rufe bara, mi anka nuna ma nata?”

Yaya ya harare ni, don ba a yi wa Baba magana haka. Baba ya ture kwanon ya tashi ya shiga gida. Na yi kuka a hanyar komawa ɗakina, amma ban janye maganata ba, kuma ko yau aka sake tambayata abin da zan faɗa ke nan.

A gaban hakimi aka raba gardamar. Layin ramukan da ke yamma, waɗanda suka fi tsufa, za a bar su a kewaye su da gajeren gini, kamar yadda mutanen Gusau suka roƙa. Sauran a cike a yi asibiti. Ramukan Baba duka a gabas suke, cikin waɗanda za a cike. Shi da kansa ya je ya ɗage muciyoyinsa, ba wanda ya sa shi, ya jingine su a zaure. Ɗaya kawai ya riƙe, tsohuwa da ta yi baƙi ta yi santsi, ya mai da ita sandar dogarawa, don gwiwoyinsa sun daina ɗaukarsa.

Da bazara aka fara aikin. Tifa tana kawo jar ƙasa, leburori 'yan gari suna kwasa a baro, su ture murfi da ƙafa su juye. Kullum da hantsi Baba zai ja muciyarsa ya je ya zauna ƙarƙashin tsamiyar marina yana kallo. Autata, wadda lokacin ba ta isa shiga makaranta ba, ita ce 'yar rakiyarsa. Amaryarsa yake ce mata, ita kuma ta ce ba ta son miji mai baƙin hannu. Ni ina koyarwa a firamaren gari, maigidana kuma yana can fadama, don haka a wurinsa nake barin ta. Kullum sai na ja mata kunne kan ramuka, shi kuma kullum sai ya ce in tafi aikina in bar masa matarsa.

Ranar da abin ya faru ina aji, rana ta fara zafi. Sai muka ji ƙarar bindiga daga arewa, aka sake yi, sannan wani ya ratsa ta gaban makaranta a guje yana cewa ga su nan bisa babura. Wanda bai taɓa jin wannan kalmar a garinsu ba, ba zan iya kwatanta masa ba. Yara suka yi ta tsalle ta taga. Mata suna fitowa ba mayafi, kowa yana kiran sunan nasa, wani tsoho ya faɗi aka bi ta kansa. Na tura yaran da suka rage cikin gidan da ke kusa, na kwashi gudu ban san inda takalmana suka zube ba.

Marina na fara nufa. Babu kowa. Tifa tana tsaye ƙofarta a buɗe, barori a kife, shebur a warwatse. Tabarmar Baba tana ƙarƙashin tsamiya, shi babu, yarinya babu. Na tsaya a bakin filin na ƙwala kiran sunanta har muryata ta dushe. Na kira na sake kira, na yi shiru in saurara, ba abin da na ji sai kukan awaki. Na san 'yata, ko tana ƙarƙashin gado ta ji muryata sai ta amsa. Sai na ce Baba ya ja ta sun yi gida, na juya.

Kafin in kai gida labari ya canza. Ba 'yan bindiga ba ne. Mutanen wani ƙauye ne da aka kora, suka ɗauro mata da yara da kaya a babura suka taho a jere, wani maharbi da ke bakin gari ya hango ƙura ya harba sama don ya farkar da mu. Mutane suka fara fitowa daga maɓoya, wasu suna dariyar da ba ta kai ciki ba. Ni ma na fara sauke numfashi. Sai na tarar da taro a ƙofar gidanmu.

Baba ne a kwance a zaure. A lungun bayan masallaci aka tsince shi, nesa da marina, kuma ba ta hanyar gida ba. Bakinsa ya karkace, hannunsa na dama da ƙafar sun saki, idanunsa a buɗe suna bin kowa. Na durƙusa na ce, “Baba, ina ɗiyar?” Ya motsa baki, wani gurnani ya fito, miyau ya biyo. Na sake tambaya. Ya yi ƙoƙari har jijiyar wuyansa ta tashi, ko kalma ɗaya ba ta fito ba. Waɗanda suka ɗauko shi suka ce shi kaɗai suka gani.

Matan unguwa suka ce in kwantar da hankalina, a irin wannan gudun kowa ɗan da ya samu yake sunkuta, tana gidan wani. Na bar Baba a hannun Yaya na shiga gari. Gida gida nake bi, ba sallamar kirki, ina ɗaga labule ina leƙa bayan rumbu. An sami yara da yawa a gidajen da ba nasu ba, kowace uwa ta zo ta karɓi nata tana hamdala, ni ina tsaye ina kallo. Na je wurin baƙin da suka iso, na duba fuskar kowane yaro a jikin kowace mace. Na leƙa rijiyar unguwa, na ga fuskata kawai a ƙasa. Maigidana ya dawo daga fadama ya tara samari suka bi bayan gari. Aka kira azahar, ban iya tsayawa sallah ba. A raina ina ta ganin ta a kan babur tsakanin maza biyu, ko da yake an ce ba su zo ba, don tsoro ba ya jin bayani.

Na koma gida in sake gwada Baba. An jingina shi da bango, wata maƙwabciya ta dama fura ta ajiye a gefensa a ƙwarya, an rufe da faifai, ya ƙi sha. Yana ganina ya fara wannan gurnanin, hawaye yana bin gefen fuskarsa da ya mutu. Na riƙe hannunsa na hagu, mai lafiyar, ya fizge. Ya lalubi ludayin da ke kan tabarma, ya ɗora shi a gicciye a kan faifan. Ya dube ni. Ludayin ya zame, ya sake ɗauka ya gitta shi, ya danna da tafin hannu.

Sai a lokacin na duba gefensa na ga babu muciya. Na tambayi Yaya ko an zo da ita, ya ce ba a gan ta ba. Kuma a daidai lokacin na ji abin da kunnena ya daɗe yana ji ban kula ba, rurin tifa daga bayan masallaci. Leburori sun koma aiki tun bayan azahar, don direban yana son ya gama ya kai Mafara kafin hanya ta mutu.

Ban san yadda na fita ba. Na tuna dai ƙasa tana ƙona tafin ƙafata, na tuna ina son in yi ihu a dakata amma numfashin bai isa ba. Ina gudu ina ganin yadda suke yi kullum, a ture murfi da ƙafa a juye baro, ba mai leƙawa, me za a leƙa a busasshen rami. Ina roƙon Allah da kalmomin da ba su haɗu da juna ba. Yaya yana bayana yana kirana.

Da na sha kwanar masallaci na ga layin ramukan Baba ya zama jar ƙasa. Don sauri ma sun daina amfani da baro, tifar ce take ja da baya tana zazzagewa kai tsaye. Sai na hango, a tsakiyar jan filin, murfi ɗaya a zaune, na dama da shi an cike, na hagu an cike, baƙar muciyar Baba a gicciye a kansa.

Direban, wanda baƙo ne, yana leƙowa ta taga yana faɗa da leburori, wai su ɗauke masa wannan sandar ya juye ya wuce. Babbansu, wani maƙwabcinmu da suka yi wasan ƙasa da Yaya, yana tsaye ya dogara da shebur. Da ya gan mu ya ce, “Yawwa, ga masu shi nan. Mun iske muciya bisa, mun ce ba mu taɓawa sai an tambayi tsoho. Shi ko wanga bawan Allah ya ce sanda ta, mi a cikin sanda.” Bai san komai ba. Bai ji motsi ba, bai yi zargin komai ba, ko labarin ɓatan yarinyar bai kai gare su ba. Hannunsa ne kawai ya ƙi, saboda dukan da ya sha yana yaro.

Ni ma da na isa sai da hannuna ya tsaya a kan muciyar. Ina tsoron abin da zan gani. Yaya ne ya ɗage ta, na ture murfin. Zafi da warin tsohon shuni suka bugi fuskata, ban ga komai ba sai duhu. Da idona ya saba, na ga rawanin Baba a tattare a ƙasa, da shi ya zura ta. Tana zaune a kansa ta haɗa gwiwa da ƙirji, ta toshe bakinta da hannu biyu, idanunta a buɗe tana kallona. Na kira sunanta. Ba ta amsa ba, ba ta ko sauke hannun ba.

Aka kawo tsani daga masallaci, Yaya ya shiga ya miƙo ta. Jikinta zafi rau, rigarta sharkaf, leɓenta ya bushe. Na ba ta ruwa ta sha, ta sake mai da hannu baki. Leburorin suka zubar da shebur suka zauna a ƙasa, babban nasu yana ta salati yana kallon ramukan da suka cike a gefe da gefe. Direban ya kashe mota ya sauko, ya leƙa ramin, ya koma gefe ya yi amai.

Na zaci an gama, ashe da saura. Yarinyar ta ƙi magana. Tana ci, tana sha, tana bin ni duk inda na yi, amma ko uffan. Aka yi rubutu, aka yi tofi, wasu suka ce iska ce ta ramin, wasu suka ce firgita ce za ta sake ta. Na ɗauke ta muka bi motar safe zuwa Mafara tare da Baba, likita ya duba su duka biyun. Ita ya ce lafiyarta lau, a ba ta lokaci. Shi kuma ya ce shanyewar ɓarin jiki ce, a yi ta addu'a. Muka dawo da marasa magana biyu a gida ɗaya, ni kuma ina kwana ina tashi da tsoron ko shi ke nan na ji muryar 'yata ta ƙarshe.

Wata safiya ina yi mata wanka na ce, “Ke, don Allah mi Kaka ya ce miki?” Ta dube ni, ta waiga ta ga ba kowa, ta kawo bakinta kunnena. Da raɗa ta faɗa, da ƙyar na ji. “Ya ce kar in yi magana, ko wa ni ji, ko ke ta. Sai in shi ya kira ni.” Ta mai da hannu baki.

Na zauna a bakin baho na rasa abin yi. Ashe ta ji ni ranar. Ina tsaye a bakin marina ina tsage maƙogwaro, tana ƙasa tana jina, tana riƙe da maganar kakanta. Na ji haushin Baba ya taso mini har wuya, sannan na tuna inda aka tsince shi. Ya rufe ta, ya bar sandar da yake tafiya da ita a kan murfin, ya ja gwiwoyin nan nasa ya yi nesa da wurin, don in sun zo su same shi a wani waje.

Na ɗauke ta a jiƙe na kai ta ɗakinsa, na zaunar da ita a gabansa. Na ce, “Baba, amaryarka ta ce ba ta magana sai ka kira ta. Kai ka rufe, kai za ka buɗe.” Ya daɗe yana kallonta. Ya fara ƙoƙari, gurnani ya fito, ya tsaya ya huta. Ya sake. Gumi ya karyo masa, hannunsa na hagu ya damƙe tabarma. Na so in ce ya bari, don na ji tsoron kada jijiyar da ta rage ta tsinke, amma ban ce ba. Ita kuwa ta ƙura masa ido tana jira, ba ta ko ƙifta ba.

Can sai wani abu ya fito daga gefen bakinsa, a murɗe, rabi iska. Ni ban gane shi ba. Ita ta gane. Ta sauke hannunta ta ce, “Na'am, Kaka.” Sannan ta fashe da kukan da ta riƙe tun cikin rami, ta ce ta ji ƙishirwa, ta ce akwai ƙadangare a ciki, ta ce ya daɗe bai zo ba. Baba ya rufe ido. Bai sake furta wata kalma ba har Allah ya karɓi abinsa da damina ta kama.

An gina asibitin. Ɗakuna ne kaɗan da baranda, da ungozoma da ke kwana a gari, kuma mata da dama sun sauka lafiya a ciki, har da matar Yaya. Duk ranar da na ji kukan jariri daga can sai in tuna ƙanwata. Layin yamma yana nan an kewaye shi, malamai suna kai 'yan makaranta su leƙa ta saman gini, ni ma na kai nawa ajin, ina riƙe da rigar duk wanda ya matsa kusa. Matar nan ta Gusau ta dawo sau ɗaya, ta ji labari, ta zauna a ƙarƙashin tsamiya ta daɗe ba ta ɗauki hoto ba.

Ramin Baba kuwa ya faɗo a tsakar gidan asibitin, ba wanda ya yarda ya cike shi. Bayan arba'in ɗin Baba, Yaya ya zo ɗakina ya ce 'yan ƙungiya sun yanke shawara a zuba masa kankare a baki a shafe, a bar alamarsa kawai, saboda yaran da za su riƙa zuwa rigakafi. Ya ce ya san zan fi kowa murna, tunda ni ce na shekara da shekaru ina kukan ramuka. Ya kawo mini muciyar, wai in ajiye ta a ɗaki don tunawa.

Na karɓa na riƙe. A makon nan aka kwashe mutane a gona a wajen Garbadu, kuma autata, in ta ji babura sun yi yawa, ba ɗaki take kallo ba, bayan masallaci take kallo. Na ce wa Yaya a yi murfin ƙarfe mai nauyin da yaro ba zai iya ɗagawa ba, amma mace ɗaya za ta iya, a huda shi don iska. Na ce kuma a bar tsani da jarkar ruwa a ciki.

Haka aka yi. Ni na kai muciyar na gitta a kai da hannuna. Ina bi ta wurin in zan tafi makaranta, har yau a gefe nake bi ina kallon ƙafafuna, kuma duk ran Juma'a nakan fito da jarkar ruwan da ke ciki in zuba sabo.